Bin Sawun Shari'ar Kisan Kai a Tsofaffin Takardun Jihar Arewa

Tambaya ɗaya na shiga ma'adanar takardu da ita: daga 1947 zuwa 1960, idan aka kawo wa kotun sarki shari'ar kisan kai, da wace doka ake yanke hukunci a zahiri, ta Malikiyya ko ta Turawa? Da dalili na tsaya a kan waɗannan shekaru. A 1947 ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, domin a kundin laifuffuka na Turawa wanda ya yi kisa cikin zafin tsokana ba a kashe shi, alhali a Malikiyya tsokana ba ta sauke ƙisasi. Ranar 30 ga Satumba 1960 kuma, ana gobe samun 'yancin kai, sabon kundin Final Kod ya fara aiki a Jihar Arewa, ya raba alkalai da hukunta laifuffuka da littattafan fiƙihu. Abin da ya gudana a tsakanin nan shi na bi, kuma ga yadda aikin ya tafi.

Kafin in taka ƙafa ko'ina sai da na zauna na jera dokokin bisa shekarunsu a takarda guda, domin wanda bai san dokar da ke aiki a ranar da aka rubuta wasiƙa ba, karatunsa na wasiƙar zai zama lalube. Jerin ya fara da dokar kotunan gargajiya ta 1933, ta zamanin Gwamna Donald Cameron, wadda ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa kotunan Turawa. Sai gyaran 1948 da aka yi don kwantar da hankalin sarakuna bayan shari'ar Tsofo Gubba, sai dokar kotuna ta 1956 da ta zo tare da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi, sai shari'ar Maizabo da En'e, wato hukumar gargajiya, ta Sakkwato a 1957, inda Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alkali na iya yin shari'a da dokarsa amma hukuncinsa kada ya zarce wanda kundin Turawa ya tanada wa wannan aikin. Daga nan sai kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin Alkalin Alkalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alkalin Bida Malam Musa. Wannan takarda guda ta kasance a gefen hannuna har ƙarshen aikin, ta yi laushi don yawan buɗewa.

Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna ita ce matattarar farko. Ana zuwa da takardar gabatarwa daga shugaban sashe, da katin shaida, da ƙananan hotuna, a cike fom, a yi rajista. Alƙalamin tawada ba ya da aiki a ɗakin karatu, fensir ake riƙewa. Ba fayil ake fara nema ba, kundin jerin fayiloli ake fara karantawa, kuma kwana biyu cur na yi ina karanta shi kawai. An rarraba takardun ne bisa ofishin da suka fito. SNP na nufin sakatariyar lardunan Arewa, wato babban ofishin gwamnati a Kaduna. Na larduna kuwa kowanne da sunansa: SOKPROF na Sakkwato, KANPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, KATPROF na Katsina. Nan kuskuren farko yake jiran mutum. Gwandu masarauta ce a cikin lardin Sakkwato a lokacin, saboda haka wanda ya tsaya neman jeri mai sunan Gwandu ko Kebbi zai ɓata yininsa a banza. Cikin SOKPROF zai duba. Haka Katsina ta zauna a cikin lardin Zariya kafin a ba ta lardinta a shekarun 1930, don haka tsofaffin takardunta sukan ɓuya a can. Ga kuma rubutun sunaye irin na Turawa: Gando a maimakon Gwandu, Bornu a maimakon Borno, Moslem ko Mohammedan a inda yau za a ce Musulmi.

Taken fayil ba abin dogaro ba ne. Akawu ne ya sa masa suna ranar da ya buɗe shi, sannan aka yi ta cusa masa takardu shekara goma ko fiye. Fayil mai take a kan albashin alkalai na iya ɗauke da doguwar muhawara a kan ƙisasi, don wani Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, ya kawo maganar a tsakiyar wasiƙa. Saboda haka na riƙa neman duk abin da ya shafi kotunan En'e, da rahoton shekara na lardi, da taron Razdan-Razdan, da taron sarakuna, ban tsaya a kan masu kalmar kisa kaɗai ba. Lambar fayil a kwafe ta daidai da yadda take a kundin, da ɗigo da karan tsaye da komai, in ba haka ba mai ɗauko fayil zai dawo hannu rabbana, kuma ba laifinsa ba ne.

Fayil ɗin Turawa yana da yadda ake karanta shi. Galibi sabuwar takarda ce a sama, tsohuwa a ƙasa, don haka daga ƙarshe ake faro shi a yi gaba. Wasiƙun suna da lamba, sannan akwai zanen takardu dabam inda ma'aikata ke rubuta ra'ayinsu da hannu, kowa ya sa haruffan sunansa da kwanan wata. Wasiƙar da aka buga da tafireta ita ce fuskar gwamnati; ainihin gardamar tana cikin waɗannan rubuce-rubucen hannu. A nan ne za ka ga jami'in shari'a yana cewa hukuncin alkali ya saɓa doka, jami'in mulki yana ba shi amsa cewa taɓa shi zai ɓata wa sarki rai. Sai an koyi gajerun haruffansu: H.H. shi ne babban jami'in Arewa, H.E. shi ne Gwamna, B.U. na nufin a sake kawo fayil ɗin ranar kaza, P.A. kuwa a ajiye shi an gama. Idan ka ga P.A. a ƙarƙashin tambayar da ba a amsa ba, to an binne maganar ke nan, kuma wannan ma bayani ne. Haruffan sunaye kuma ana warware su ne da littafin jerin ma'aikatan gwamnati na wannan shekara. Na yi wa kaina ɗan jadawali na wane ne Razdan a wane lardi daga yaushe zuwa yaushe, domin sukan tafi hutu wata da watanni, wani ya riƙe, ra'ayin ofis ya juya ba tare da wata doka ta canza ba.

Wurin da aikin ya fi cin lokaci, kuma ya fi amfani, shi ne gane cewa shari'a guda tana da rubutu hawa uku. Hawa na farko shi ne abin da muhuti, wato magatakardan kotu, ya rubuta da Larabci a rijista, alhali masu shari'ar da Hausa ko Fulatanci suka yi magana. Na biyu shi ne fassarar da aka yi wa Di'o, wato Baturen gunduma, ko Razdan da Turanci, don hukuncin kisa na kotun sarki mai daraja ta ɗaya ba ya zartuwa sai Gwamna ya tabbatar. Na uku shi ne taƙaitawar da ke cikin littafin rahoton shari'o'i idan an ɗaukaka ƙara. Mafi yawan masu rubutu a kan wannan zamani hawa na uku suke karantawa, don shi ne a laburare. Amma kowane hawa yana zubar da wani abu.

Ga misali a kusa. A Malikiyya kisa iri biyu ne, na ganganci da na kuskure. Idan babu shaidu biyu adilai kuma wanda ake tuhuma bai amsa ba, amma akwai lausu, wato alama mai ƙarfi, kamar shaida guda adili, ko wanda aka sara ya ce kafin ya cika jinina yana wuyan wane, to sai a ba magadan jini rantsuwar ƙasama, rantsuwa 50, su rantse, sannan ƙisasi ya tabbata. Muhuti zai rubuta wannan a layi uku, don kowane malami ya san abin da ake nufi. Mai fassara sai ya mayar da shi cewa dangin mamaci sun rantse sau 50 aka yanke hukunci. Baturen da ya karanta sai ya rubuta a gefe cewa an yanke wa mutum hukuncin kisa ba shaida. Lausun, wanda shi ne ƙashin bayan hukuncin, ya faɗi a hanya. Haka kuma idan magadan jini suka yafe, Malikiyya ta ce a yi wa mai kisan bulala 100 a tsare shi shekara guda. A takardar Turanci wannan yakan fito kamar alkali ya yi wa mai kisa sassauci don son rai. Sai kisan gilla, wanda ake yaudarar mutum a kashe shi don dukiyarsa, inda yafewar dangi ba ta da tasiri. Wanda bai san wannan ba zai ga shari'u biyu masu kama da juna an yi musu hukunci dabam, ya ce alkalai ba su da ƙa'ida. Don haka duk shari'ar da na samu a fayil ɗin Turanci, sai na buɗe babin jini a littattafan fiƙihun Malikiyya, wato Risala da Mukhtasar na Halil da Tuhfa, in tambayi kaina wace mas'ala ce alkalin yake kai.

Rijistar Larabcin ita ce mai wuyar samu. Ba a tattare take wuri guda ba: wata tana hukumomin tarihi na jihohi, kamar na Kano da ke Gidan Ɗan Hausa da na Waziri Junaidu a Sakkwato, wata tana ɗakin ajiyar tsofaffin kotuna, wata tana hannun zuriyar alkalai. Da ɗan gari akan ci gari. Wasiƙa daga jami'a ba ta buɗe akwatin gidan malamai, sai an sami wanda gidan suka yarda da shi ya yi maka jagora. A wani ɗakin ajiya da na shiga, gara ta cinye gefen dama na rijista guda tun daga sama har ƙasa, kuma da yake Larabci daga dama yake farawa, sunayen masu ƙara da kwanan wata ne suka tafi, hukuncin ya rage. Irin wannan ba a jefar da ita. Ana iya gane shekarunta daga hannun muhutin, da hatimin alkali, da irin kuɗin da aka ambata.

Rubutun da kansa irin na Magariba ne, wanda duk wanda ya yi allo da warash ya saba da shi: fa'un ɗigonsa a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo guda a sama. Wanda ya koyi Larabcinsa a bugun Masar kaɗai zai yi ta karanta ƙaf a matsayin fa'un har ya rikita sunaye. Sunayen garuruwa da sarautu kuma da ajami suke, ba wasali sau da yawa, sai ka san ƙasar kafin ka gane ƙauyen. Kafin in fara, na yi atisaye da aikin Allan Christelow na 1994, wanda ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. Zamaninsa ya riga nawa da shekara talatin da wani abu, amma yadda muhutai ke gina jimla bai canza sosai ba.

Kwanan wata da kuɗi su ma tarko ne. Rijista takan yi amfani da Hijira, fayil kuma da Miladiyya. Lissafin gaggawa shi ne a ninka shekarar Hijira da 0.97 a ƙara 622, amma wannan kusa kawai yake kaiwa, domin shekarar Hijira guda tana ratsa shekara biyu ta Miladiyya. 1331, misali, ta faro a Disamba 1912 ta ƙare a Nuwamba 1913. Ko jadawalin kwamfuta ma yakan saɓa da kwana ɗaya ko biyu, tunda a nan da ganin wata ake aiki. Idan muhuti ya ambaci ranar mako, ita ce alkalin da ke raba gardama. Kuɗi kuwa fam ne da sule da kwabo, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga sisi da taro da fataka a bakin mutane. Wanda ya zuba su a jadawalin kwamfuta kamar naira da kwabo, ya ɗauki fam 5 da sule 10 a matsayin 5.10 maimakon 5.5, duk lissafin diyyarsa ya karkace.

Batun hoto, a fara tambayar ƙa'idar wurin da abin da ake biya, a kuma karɓi rasit. Tsarina bai canza ba: hoton farko bangon fayil da lambarsa, sannan kowane shafi bi da bi har da bayansa idan akwai rubutu, sannan hoton tafin hannuna a kan tebur alamar fayil ya ƙare. A yini mai kyau nakan ɗauki hoto 400 zuwa 500. Da dare a ranar, ba gobe ba, sai in juye su a kwamfuta, kowane fayil da jakarsa mai lambarsa, in kwafa a wuri biyu. Manhajar Tropy, wadda kyauta ce, an yi ta ne don irin wannan aiki, tana ba ka damar liƙa wa kowane hoto bayaninsa. Sau ɗaya na bar hotunan kwana uku suka taru ban rarraba ba, biyu daga cikin fayilolin kuma bangonsu ya yage babu lamba, sai da na koma na sake neman su don in san wanne ne wanne. A tafi da na'urar cajin waya ta aljihu, da takunkumi don ƙurar tsohuwar takarda tana sa tari. Takardar kabon mai shara-shara sai an sa farar takarda a bayanta kafin rubutun ya fito. Allurar da ta yi tsatsa ba a cire ta da ƙarfi, ana kiran ma'aikaci. Manhajar da ke mayar da hoto rubutu tana iya wa bugun tafireta mai kyau, amma kabon na uku da rubutun hannu da Larabcin muhuti duk sai an zauna an kwafe su da ido.

Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana nan cikin Kaduna, don haka na haɗa su a tafiya guda. Abin da na fi nema a ɓangaren bugaggun takardu shi ne muhawarar Majalisar Wakilai da ta Sarakuna ta 1959 a kan kundin Final Kod, da jaridun lokacin. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, tana nuna kalmomin da aka sayar wa jama'a da gyaran. A tuna dai jaridar hukuma ce. Kukan 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a kan yadda ake gurfanar da su gaban alkalai ya fi fitowa a takardun koke da kuma shaidar da aka bayar gaban kwamitin Willink na ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958.

Ma'adanar Ingila da ke Kew a Landan ta zo daga baya, kuma da gangan. Kundinta yana intanet, ana iya tsara komai daga gida. CO 583 wasiƙun Nijeriya ne da Ofishin Mulkin Mallaka, CO 554 na Afirka ta Yamma wanda ya ɗauki shekarun 1950, sai FCO 141, takardun da aka kwashe daga ƙasashen mallaka aka ɓoye, ba a fara sakin su ba sai 2012. Katin shiga kyauta ne, ana nuna shaida biyu, ɗaya mai adireshi. A can ne ake ganin abin da Kaduna ba ta nunawa: yadda gyaran shari'a ya zama sharaɗi a cinikin mulkin kai na Arewa, wanda aka samu ranar 15 ga Maris 1959. Amma wanda ya fara da Kew zai ɗauka a Landan aka yi komai, don takardun can sun fi tsabta da sauƙin samu, kuma abin da ya zo hannu da sauƙi shi yake cika babi.

Hira da mutane ta zo a ƙarshe. Alkalan da suka yi aiki kafin 1960 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, sai waɗanda suka yi muhutanci suna samari, da ɗaliban da suka fito daga Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda aka kafa a 1934 a matsayin makarantar shari'a da malamai 'yan Sudan, da waɗanda aka yi wa kwas na sabon kundin a Kongo, Zariya. Ba a zuwa wa dattijo da takardar tambayoyi ashirin. Gaisuwa ake fara yi, a koma karo na biyu, a nemi izini kafin a kunna rikoda, a kuma tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa. Abin da ya fi buɗe baki shi ne in ɗora masa hoton shafin rijista in ce, Allah gafarta Malam, a karanta mini wannan. Yana karantawa yana gyara mini, yana faɗin abin da ake yi a zauren wanda ba a rubutawa. Matsalar hira ita ce abin da ya faru daga 1999, lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau har wasu jihohi 11 suka bi, ya rufe tunanin mutane a kan 1960. Sai ka ji ana ba ka amsar yau a kan tambayar jiya. Duk abin da aka faɗa mini sai na nemi takardar lokacin da za ta tsaya masa.

Da na zo rubutu, na yi jadawali mai layi guda ga kowace shari'a: kotu, shekara, hanyar tabbatar da laifi, matsayin magadan jini, hukuncin alkali, abin da Razdan ya ce, abin da ya faru a ƙarshe, da hawa nawa cikin ukun na gani da idona. Wannan gurbi na ƙarshe shi ya hana ni yin ƙidaya irin ta kashi kaza cikin ɗari. Shari'ar da ta kai Kaduna ita ce wadda aka yi gardama a kanta. Wadda dangi suka yafe aka biya diyya aka watse, sawunta kaɗan ne a fayil ɗin Turawa. Wanda ya ƙirga abin da ke Kaduna kaɗai, rigima ya ƙirga.

Binciken shekarun nan ya matsa daga tsohuwar magana cewa Turawa sun bar Shari'a yadda suka same ta, in ban da yanke hannu da jifa, har zuwa 1960. Littafin Rabiat Akande na 2023 ya nuna yadda mulkin mallaka ya faɗaɗa ikon siyasa na sarakuna, wato ikonsu na yin hukunci bisa ganin maslaha, ya mayar da shi ƙofar shigar da abin da yake so. Tarin takardun da Philip Ostien ya buga a 2007 kuma ya sa rahotannin kwamitin 1958 da na dawowarsa a 1962 a hannun kowa, har ba sai an yi tafiya dominsu ba. Abin da na gani bai saɓa musu ba, sai dai ina ganin har yanzu muryar sakatariya ta fi ta zauren alkali ƙarfi a rubuce-rubucenmu. Kundin Final Kod da S.S. Richardson ya tsara a kan na Sudan, wanda shi ma daga na Indiya na 1860 ya samo asali, ya shigar da tsokana a sashe na 222, ya kuma bar bulalar haddi ga Musulmin da ya sha giya ko ya yi zina. Yadda alkalin da ya shekara ashirin yana hukunci da Tuhfa ya karanta wannan sashe na 222 a 1961, wannan yana cikin rijistocin shekarun farko na kundin, kafin a soke kotunan sarakuna a kafa kotunan yanki a 1967 da 1968. Su ne zan nema a zagaye na gaba, kuma daga lardin Sakkwato zan fara.